Sauya Girman Taya da Kula da Ƙaramar Mota Ta Hannu: Jagora Daki-Daki

Ranar da ka karɓi makullin motar da ka saya ta hannu, akwai abubuwa biyu da ba ka sani ba game da ita, ko da mai sayarwar ya rantse maka: abin da aka yi mata a baya, da abin da aka ƙi yi mata. Tayoyin da ke ƙafarta ma ba hujja ba ne. Wanda ya riƙe ta kafin kai yana iya sa duk tayar da ya samu ranar da tasa ta fashe, ya ci gaba da tafiya a haka shekara biyu. Saboda haka kada ka ɗauki lambar da ke jikin tayar yanzu a matsayin girman da ya dace da motar. Daga nan mutane da yawa ke fara kuskure, sai su je su sayi sababbi huɗu masu girman da tun asali ba nata ba ne.

Mataki na farko: nemo girman da masana'anta ta rubuta

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufewa a kansa. A yawancin motoci akwai wata 'yar takarda da aka manna a wurin, mai ɗauke da girman taya da yawan iskar da ake so a gaba da baya. Wasu motocin a bayan murfin tankin mai suke manna ta. Idan an yi wa motar fenti an ɓamɓare takardar, duba littafin motar, in babu shi ka nemi kwafinsa a intanet da sunan motar da shekarar ƙirarta. Sau da yawa za ka tarar da girma biyu ko uku a rubuce, domin masana'anta kan fitar da mota ɗaya da rim iri-iri. Duk girman da ke cikin wannan jeri an riga an gwada shi, kana iya sa shi hankali kwance, muddin rim ɗin ya yi daidai da shi.

Mataki na biyu: koyi karanta jikin taya

Mu ɗauki girman da ƙananan motoci da yawa ke zuwa da shi: 175/65 R14 82T.

Lamba ta farko, 175, faɗin taya ne a milimita. Ta biyu, 65, ita ce ke rikita mutane, domin ba milimita ba ce. Tsayin gefen taya ne, daga bakin rim zuwa inda take taɓa ƙasa, amma an faɗe shi a matsayin kaso na faɗin: kashi 65 cikin 100 na 175. Harafin R yana nufin irin saƙar cikinta, kuma kusan duk tayoyin ƙananan motoci na yau haka suke. Lamba 14 girman rim ne a inci. Sai 82, ma'aunin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, wato kilo 475. Da 79 ne da kilo 437 ke nan, 84 kilo 500, 86 kilo 530. Harafin ƙarshe iyakar gudun da aka ƙera tayar ta jure: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240.

Waɗannan biyun na ƙarshe ba a ragi a kansu. Kana iya hawa sama da abin da masana'anta ta rubuta, amma kada ka sauka ƙasa. Wani zai ce ai shi ba ya gudun 190, me ruwansa da harafi? Harafin yana nuna yadda tayar ke jure zafi ne, kuma zafi ne ke kashe taya a doguwar tafiya da lodi, ko da gudun bai kai ko'ina ba.

Kafin ka tashi daga tsugunen, nemi inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshen layin su ne ranar haihuwar tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci a fuska ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, sai ka leƙa ta ciki. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Daga shekara biyar ya kamata a riƙa duba taya da kyau kowace shekara, masu ƙera motoci da dama suna ba da shawarar sauyawa a shekara shida, kuma wadda ta kai goma ta gama aiki ko da zanenta na nan kamar jiya aka saye ta. Duba dukkan huɗun ɗaya bayan ɗaya, har da safaya. Na taɓa duba wata mota na tarar da girma uku daban-daban a ƙafafunta huɗu, mai ita kuma yana ta zargin sitiyari da ja gefe.

Mataki na uku: lissafin da ke raba sauyi mai kyau da marar kyau

Duk maganar sauya girman taya tana komawa kan abu ɗaya: tsayin taya gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa samanta, ya tsaya kusa da na asali. Da wannan tsayin aka daidaita mitar gudu, da lissafin kilomita, da ƙarfin giya, da na'urar ABS mai hana birki ƙullewa. Motar ba ta san nisan da ta yi ba, zagayen ƙafa kawai take ƙirgawa.

Lissafin ba shi da wuya. Ninka faɗi da kason gefe: 175 sau 0.65 ya ba da milimita 113.75. Ninka shi biyu, tunda akwai gefe a sama da ƙasan rim: 227.5. Mayar da rim zuwa milimita ta hanyar ninka shi da 25.4: inci 14 ya zama 355.6. Haɗa su, tsayin tayar ya kama milimita 583.1.

Yanzu duk girman da ake tallata maka, yi masa wannan lissafi ka kwatanta. 185/60 R14 yana ba da 577.6, ya gaza na asali da ƙasa da kashi 1 cikin 100, babu damuwa. 165/70 R14 yana ba da 586.6, shi ma kusan daidai. 185/55 R15 yana ba da 584.5, wanda kusan tagwayen na asali ne duk da rim ɗin ya ƙaru da inci guda, kuma wannan ita ce hanyar da ake bi idan ana son babban rim: rim ya ƙaru, gefen taya ya ragu. 185/65 R14 ya kai 596.1, ƙarin kashi 2.2. 175/70 R14 ya kai 600.6, ƙarin kashi 3 cif. Amma 185/70 R14, wanda ake yawan cewa "ai zai shiga", ya kai 614.6, ƙarin sama da kashi 5. Shiga kam zai iya shiga. Dacewa ce bai yi ba.

Iyakar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. Ni dai na fi son a tsaya cikin kashi 2 a ƙaramar mota, saboda ramin ƙafarta ƙarami ne kuma injinta ba shi da rarar ƙarfi.

Me ke faruwa idan tayar ta fi ta asali tsayi? Mitar gudu za ta riƙa nuna ƙasa da yadda take nunawa da: da ƙarin kashi 3, inda ta nuna 100 gudun ya ƙaru da kusan kilomita 3 a kan na da. Lissafin kilomita zai riƙa yin baya, wanda ke nufin lokacin juyen mai zai riƙa wuce ka kaɗan. Motar za ta yi nauyin tashi, musamman mai injin lita 1.0 zuwa 1.3 idan ta cika da mutane ta fuskanci hawa. Abin da ake nema da doguwar taya, wato ɗaga cikin mota daga ƙasa, rabin bambancin kawai ake samu. Daga 175/65 zuwa 175/70 tsayi ya ƙaru da milimita 17.5, amma motar ba ta tashi da ko milimita 9 ba. Duk da haka, ga mai bin hanya mai ramuka wannan sauyin yana da ma'ana, ba don tsayin ba, don kaurin gefen da ke shanye duka kafin ya kai ga rim.

Faɗi kuma nasa cinikin daban. Taya mai faɗi ta fi riƙe busasshiyar kwalta a kwana, amma tana ƙara shan mai, tana ƙara nauyin sitiyari da ƙara, kuma ta fi saurin shawagi a kan ruwan da ya kwanta a hanya. Babban rim da siririn gefe yana da kyan gani, ba musu, sai dai kowane rami za ka ji shi a bayanka, rim ɗin ma ya fi saurin lanƙwasa. A ƙaramar mota ƙarin milimita 10 a faɗi ya wadatar. Wanda ya tsallaka daga 175 zuwa 205 ado ya saya.

Mataki na huɗu: idan har da rim za a sauya

In rim ɗinka na asali za ka bari, abu ɗaya za ka tabbatar: faɗinsa ya ɗauki sabuwar tayar. Ana buga shi a jikin rim, galibi ta ciki, kamar 5.5J. Rim mai inci 5.5 yana ɗaukar 175 da 185 lafiya lau. Idan aka cusa taya mai faɗi sosai a siririn rim, sai ta yi tozo, tsakiyarta ta riƙa cinyewa, motar ta riƙa lilo a kwana.

Sauya rim kuwa yana da sharuɗɗa huɗu, kuma ido ba ya iya tantance su. Na farko tsarin ramukan noti. Ƙananan motoci da yawa, irin su Toyota Yaris da Honda Jazz, suna amfani da 4x100, wato ramuka huɗu a kan da'ira mai milimita 100. Ford Fiesta da Peugeot 206 kuwa 4x108 ne, yawancin ƙananan Fiat 4x98. Wannan na ƙarshen shi ne tarko: bambancin milimita biyu tsakaninsa da 4x100 ba ya ganuwa, notin zai shiga a karkace, ya riƙa kwancewa a hankali. Na biyu ramin tsakiya, wanda ke zama a kan kan ƙafar motar. Na Yaris milimita 54.1 ne, na Jazz 56.1. Rim mai ƙaramin rami ba zai shiga ba, mai babban rami kuma yana buƙatar zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a gudu ko an yi balansin sau nawa. Na uku lambar ET, wadda ke nuna yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje. Ƙaramar lamba tana turo taya waje, babba tana shigar da ita kusa da shokoziba. Ka tsaya kusa da ta asali, kamar milimita 5 sama ko ƙasa. Na huɗu siffar gindin noti: akwai mai tsini, akwai mai zagaye, akwai shafaffe, kuma dole ya dace da mazauninsa a sabon rim.

A wasu ƙasashe doka ta taƙaita girman da za a iya sa wa mota, kamfanin inshora ma yana son a sanar da shi sauyin. Tambayi yadda abin yake a inda kake kafin ka biya kuɗi.

Mataki na biyar: ranar sa tayoyin

Tayoyi biyu da ke kan layi ɗaya, na gaba biyu ko na baya biyu, dole su zama girma ɗaya, kuma an fi so su zama iri ɗaya da zane ɗaya. Idan girma za ka sauya, sauya huɗun tare. Motar da ke ja da ƙafa huɗu ba ta yafe bambanci ko kaɗan, yana cinye mata kayan giya.

Idan biyu kawai aljihu ya iya, sababbin a baya ake sa su, ko da motar da ƙafafun gaba take ja. Na san wannan ya saɓa wa abin da yawancin direbobi suka saba ji. Dalilin shi ne: idan gaba ya zame a jiƙaƙƙiyar hanya, za ka ji a hannunka, ka ɗaga ƙafa daga totur motar ta dawo. Idan baya ne ya zame, motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma direbobi kaɗan ne ke iya ceto ta.

Tsaya a wurin ka ga aikin da idonka. A sa sabon bawul ga kowace taya. Idan jikin tayar akwai kibiya da kalmar Rotation, kibiyar ta kalli inda ƙafar ke juyawa idan mota na tafiya gaba. Idan an rubuta Outside, wannan fuskar ce ta waje. A yi balansin kowace ƙafa. A fara ɗaura noti da hannu, sannan a ƙulle su a gicciye, wannan sai na daura da shi, ba a bi su a jere ba. Ƙarfin ɗaurin ƙananan motoci galibi yana tsakanin Nm 100 zuwa 120 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗa noti ne), ainihin adadin yana cikin littafin motar. Bakanike ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle ba ƙwarewa ba ce, haka ake miƙe ƙusoshi har wata rana su karye. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, sake bin notin.

Idan girman ya sauya, kada ka bar wurin sai ka gwada gogayya. Murɗa sitiyari har ƙarshe hagu, leƙa, zura hannu tsakanin taya da madigadi da kuma shokoziba. Yi haka a dama. Sannan ɗauki mutane a baya ka bi ta kan tudun rage gudu a hankali kana saurare. Bayan kwana biyu sake leƙawa: duk inda ka ga wuri ya yi sheƙi a cikin ramin ƙafa ko a gefen taya, gogayya ake yi.

Iska kuma da sanyin taya ake auna ta, kafin a yi tafiya mai nisa. Bi adadin da ke takardar ƙofa, wanda a ƙananan motoci yakan faɗa tsakanin psi 30 zuwa 35 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a hura ba. Idan safayarka siririyar nan ce ta wucin gadi, tana son psi 60, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ƙarshe, a yi alaimen, wato daidaita saitin ƙafafun motar. Tsohuwar taya ma tana ba da labari kafin a jefar da ita: cinyewar gefe ɗaya alaimen ne ko bushin da ya mutu, cinyewar gefe biyu ƙarancin iska, cinyewar tsakiya iska ta yi yawa, cinyewa tsalle-tsalle kuma shokoziba ce ta gaji. In ba a gyara sanadin ba, sabuwar ma haka za ta ƙare. Iyakar zurfin zane a dokar ƙasashe da yawa milimita 1.6 ne, akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna wannan iyaka, amma riƙon ruwa yana raguwa sosai tun daga milimita 3.

Mataki na shida: mayar da lissafin motar sifili

Ƙa'idata a nan mai sauƙi ce: duk aikin da babu rasit ko takardar da ta nuna an yi shi, ɗauka ba a yi ba.

Fara da baƙin mai da filtarsa a makon farko, da irin man da littafi ya ambata, ko 5W-30 ne ko wani. Kada ka sa mai kauri don an ce injin tsoho ne, sai da dalili. Lokacin da aka buɗe murfin mai, dubi cikinsa. Kumfa mai launin madara a mota da ke doguwar tafiya alama ce ruwa na haɗuwa da mai, a duba gaskit. Filtar iskar inji da ta iskar da ke shiga cikin mota ba su da wahala, kai ma za ka iya. Fulogi a ciro a gani.

Abin da ya fi komai gaggawa shi ne sanin ko injinka da tayimin bel yake aiki ko da sarƙa, wato abin da ke daidaita motsin fistin da buɗewar bawul ɗin inji. Sarƙa takan daɗe muddin ana juye mai a kan kari, kuma tana gargaɗi da ƙarar kacau-kacau idan an tayar da inji da safe. Bel ba ya gargaɗi. A yawancin injuna idan ya tsinke, fistin ya daki bawul, aikin ya koma sauke inji. Wa'adinsa ya bambanta, a motoci da yawa tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000 ne, ko kimanin shekara biyar, duk wanda ya riga zuwa. In babu shaidar an sauya, sauya shi tare da robobin da ke ɗaure shi, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi.

Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Wanda ya sha ruwa yana tafasa a doguwar gangara, ka taka birki ka ji shi kamar soso. Murfin kwalbar ya faɗi irin da ake so, DOT 3 ko DOT 4 (wannan DOT ajin man birki ne, ba na jikin taya ba). Tunda ƙafafun suna kwance ranar sa taya, a nan ne za ka duba takalmin birki: in ya kusa milimita 3, a sauya. Duba robar da ke rufe shaf ta bayan ƙafar gaba. Idan ta yage giris ya fantsama, sauya ta yanzu, kafin ka fara jin ƙas-ƙas a kwana, lokacin shaf ɗin ne gaba ɗaya zai tafi. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza yayin da take sama a kan jak: motsi ko gurnani idan ka juya ta, boris ne.

A lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na ainihi, ba ruwa zalla ba, domin shi ke hana tsatsa ya kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Ba a buɗe murfinsa inji na da zafi. Tambayi bakanike ya tabbatar tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, na nan, don akwai masu cire shi su ɓoye matsalar zafi, injin ya koma aiki a sanyaye yana shan mai. Man giya ma a duba. Idan giyar CVT ce, wato mai sauyawa a hankali ba hawa-hawa ba, kamar yadda take a ƙananan motoci masu sauya giya da kansu da yawa, manta na musamman ne, kuma zuba mata na giya ta gama-gari yana iya kashe ta.

Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota a kashe take, idan inji na aiki kuma wajen 14. Murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba ka ga ko fitilun gargaɗi duk sun kama, na inji da na ABS da na jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don kada ta tona asiri. Sa a jona na'urar karanta kurakurai a soket ɗin OBD mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Sannan ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ka bincika a shafin kamfanin ko kamfanin ya taɓa kiran a kawo irin motar don gyaran wani lahani ba a kai ta ba. Matsalar jakunkunan iska na Takata ta shafi miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban, har da ƙanana, kuma mota da ta bi hannu uku ko huɗu tana iya kasancewa ba a taɓa kai ta ba.

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun dashbod. Rubuta ranar yau, kilomitan da mita ke nunawa, girman tayar da ka sa da lambar DOT ɗinsu, da duk abin da aka sauya. Daga nan iska duk wata, leƙa ma'aunin baƙin mai duk mako biyu har ka gane ko injin yana shan mai, juya tayoyi gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Idan tayar da ka sa ta fi ta asali tsayi, rubuta kason bambancin a shafin farko, ka riƙa kai motar juyen mai tun mita ba ta cika adadin ba.